Flightradar24: shekara huɗu ina kallon samaniyar Kano a tafin hannuna

Sana'ata shirya wa mutane tafiya ce. Ina da ɗan ofis a Fagge, mu uku ne a ciki, muna yankar tikiti, muna haɗa takardun Umara. Idan fasinjanmu zai dawo, musamman tsofaffin da 'ya'yansu suka damƙa mana amanarsu, ni da kaina nake zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano in tarbo su. Wanda bai yi wannan aiki ba bai san zafin jiran jirgi ba. Akwai wani dare cikin hunturu da na je tarbar wasu dattawa mata biyu, na isa bayan sallar isha'i, ga sanyi ga hazo, na zauna a mota har aka yi kiran assalatu. Sai da gari ya waye na ji cewa jirgin ko tashi bai yi ba daga can. 'Ya'yan matan nan sun kira ni ya fi sau ashirin a daren, ni kuwa ba ni da abin faɗa musu sai "ku ƙara haƙuri".

A 2021 wani ɗan yayata ya ɗauki wayata ya sauke mini manhajar Flightradar24. Tun daga ranar ban sake fita tarbar jirgi ba sai na ga ya tashi da idona, na kuma ga inda ya kai. Abokan sana'a da dama sun tambaye ni ko tana da amfani, ko kuwa wasan yara ne, da kuma ko ya kamata a biya kuɗi. Amsar ke nan nake rubutawa gaba ɗaya.

Da ka buɗe ta, taswirar duniya za ka gani cike da ƙananan jirage ruwan ɗorawa suna tafiya. Ka taɓa ɗaya, sai ta nuna maka lambar tafiyarsa, kamfaninsa, irin jirgin da hotonsa, inda ya taso, inda ya nufa, nisansa daga ƙasa da gudun da yake yi. Ka rubuta KAN, sai shafin filin jirgin Kano ya fito da masu sauka da masu tashi da yanayin gari. Akwai kuma wani ɓangare da za ka ɗaga wayar ka saita ta da jirgin da ke wucewa bisa kanka, ta gaya maka ko wane ne. 'Yata ƙarama ta fi son wannan. Idan mun hau soro da yamma ita ke riƙe wayar, kuma yanzu ta san jirgin Habasha da na Masar tun kafin sunan ya fito.

Kamfanin na ƙasar Suwidin ne. Wasu mutum biyu masu sha'awar jirage suka faro shi a 2006, a 2009 kuma suka buɗe ƙofa ga duk mai son taimakawa da bayanai. Yadda abin yake aiki shi ne, jiragen zamani suna ɗauke da wata na'ura da ake kira ADS-B. Jirgin kan sami matsayinsa daga tauraron ɗan'adam, sannan ya riƙa shelanta shi ta rediyo ba ƙaƙƙautawa: ga sunana, ga inda nake, ga tsayina. Duk wanda ya kafa ƙaramar eriya a rufin gidansa zai iya kama wannan shela daga nisan kilomita 250 zuwa 450, ya tura wa kamfanin ta intanet. Irin waɗannan eriya sun haura 40,000 a duniya, kuma akasarinsu a gidajen 'yan sa-kai suke. Jiragen da ka gani da launin shuɗi, daga tauraron ɗan'adam aka kamo su, galibi a kan teku ko hamada inda babu mai eriya.

Don aikina kaɗai, wannan ya wadatar. Idan jirgin Jidda ya tashi, na san ina da aƙalla awa huɗu da wani abu a hannu. In ci abinci, in yi sallah, in kira iyalan fasinja in ce musu ga shi nan ya ƙetare Bahar Maliya. Sai na ga ya fara saukowa sannan nake tada mota. A lokacin hazo kuwa, idan na ga jirgi yana ta zana da'ira a gefen gari, na san akwai magana, kuma in ya miƙe ya yi kudu na san Abuja ya nufa, sai in sanar da mutane tun kafin a faɗa a lasifika.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce wannan. Ina da baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya yi shekara talatin da wani abu yana ba jirage hannu kafin ya yi ritaya. A kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya ya yi karatu, wadda aka kafa a 1964. Tun muna yara mun san Baffa a filin jirgi yake aiki, amma mun ɗauka iyakarsa ya hau hasumiya ya ce wa jirgi sauka ko tashi. Wata Juma'a na kai masa gaisuwa, na nuna masa manhajar ina jin na zo da sabon abu. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, kai jirage kake gani. Ni iyakoki nake gani." Na ce, "Baffa, waɗanne iyakoki a sama?" Ya sa na kunna wani layi da ke cikin tsarin da ake biya, mai nuna shiyyoyin samaniya. Sai ga taswirar ta tsattsage gida-gida kamar gonakin gado.

A ranar na san cewa duk samaniyar Najeriya, a harshen ma'aikatan jirage na duniya, sunanta shiyyar Kano. Hukumar NAMA, wadda aka kafa da dokar 1999, ita ke kula da ita, da manyan cibiyoyi biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Legas. Na ji daɗin wannan har cikin raina, don garin nan ne jirgin sama ya fara sauka a ƙasar, a 1925. Arewa da mu shiyyar Yamai ce, gabas kuma ta Injamena, kudu maso gabas ta Barazabil. Waɗannan uku duk suna hannun hukuma guda, ASECNA, wadda aka kafa a garin Saint-Louis na Senegal ranar 12 ga Disamba 1959, hedikwatarta kuma tana Dakar. Akasarin ƙasashen da Faransa ta raina ne suka haɗa kai suka miƙa mata ragamar samaniyarsu, faɗin da ya haura murabba'in kilomita miliyan 16, a shiyyoyi shida. Babbar makarantarta ta horar da masu ba jirage hannu da masana yanayi tana Yamai tun 1963, kuma ɗan Nijar, Mohamed Moussa, shi ya shugabanci hukumar daga 2017 har tsawon shekara takwas. Can yamma kuma Laberiya da Gini da Saliyo sun haɗa tasu shiyyar guda mai suna Roberts tun 1975.

Baffa ya bi da ni hanyar jirgin alhazai da yatsa. Daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne. Kafin jirgin ya kai iyaka, ma'aikacin Kano zai sanar da na Injamena cewa ga jirgi kaza nan tafe, zai iso wuri kaza ƙarfe kaza, a tsayi kaza. Na Injamena ya karɓa, ya riƙe shi har ya miƙa wa na Khartum, shi kuma ya miƙa wa na Jidda. Kowace miƙawa akwai rubutacciyar yarjejeniya tsakanin cibiyoyin biyu da ta fayyace yadda za a yi ta. Ya ce a farkon aikinsu layin magana tsakanin cibiya da cibiya kan yanke, rediyo ya yi ta shuu, jirgi ya shigo maka ba ka san da zuwansa ba. Saboda irin haka ne ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta tsara cewa a wasu sassan Afirka matuƙa su riƙa shelanta matsayinsu ga junansu a kan zango 126.9, don ko na ƙasa bai ji ba, na sama su ji juna. Ya tuna mini da haɗarin 13 ga Satumba 1997, lokacin da jirgin sojan Jamus da na Amurka suka yi karo a sama daura da gaɓar Namibiya, mutum 33 suka rasu. Da ya zo nan sai ya yi shiru, ya cire tabarau. Ban taɓa ganin Baffa haka ba.

Ya koya mini wani abu da kowa zai iya gwadawa a manhajar. Duba jirgin da ya nufi gabas: za ka same shi a ƙafa 35,000 ko 37,000 ko 39,000. Duba mai dawowa yamma: 36,000 ko 38,000 ko 40,000. Ƙafa dubu ce tsakaninsu, kuma ba dace ba ne, ƙa'ida ce. A da tazarar a wannan tsayi ƙafa 2,000 ce. Sai da ƙasashen Afirka suka zauna a ƙarƙashin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, aka yi shekaru ana shiri, sannan aka koma ƙafa 1,000 a rana guda, 25 ga Satumba 2008, daga wannan gefen nahiyar zuwa wancan. Dole ne a yi tare, don jirgi ba zai riƙa sauya ƙa'ida a kowace iyaka ba. Na yi sati guda ina duba jirage ɗaya bayan ɗaya don in kama wanda ya saɓa a kan hanyar gabas, ban samu ba.

Duk wannan da farko ilimi ne kawai na ji daɗin samu. Daga baya ya taɓa aljihuna da na fasinjojina.

Na farko a Satumba 2022, da ma'aikatan ba jirage hannu na ASECNA suka shiga yajin aiki. Bai daɗe ba aka janye, amma ina da fasinja da ya kwana a filin jirgin wata ƙasa yana jira, ina kallon jirginsa a ƙasa ba motsi. Na biyu ya fi girma. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, cikin azumi, muna da mutane da yawa a Umara. Aka rufe samaniyar ƙasar. Na buɗe manhajar na ga Sudan fayau, babu ko jirgi ɗaya a wurin da jiya yake cike. Jiragen da suka saba miƙewa sambal suka koma zagaye, tafiyar awa huɗu da wani abu ta doshi bakwai. Kafin aikin Hajjin shekarar, kamfanonin jigilar alhazai suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci saboda ƙarin mai da lokaci. Mutane suka yi ta zuwa ofishina da fushi, wasu na zargin cuwa-cuwa ce. Ban yi musu dogon bayani ba. Manhajar tana da wurin maimaita tafiyar da ta wuce, sai in nuna musu layin jirgin kafin yaƙi da layinsa bayan yaƙi. Gani ya kori ji. Wani dattijo daga Ɗanbatta ya kalli layin biyu, ya girgiza kai ya ce Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya biya ya tafi.

Ba a gama da wannan ba sai ga juyin mulkin Nijar ranar 26 ga Yuli. Daren Lahadi 6 ga Agusta, da wa'adin da ECOWAS ta bayar ya cika, sojojin suka rufe samaniyarsu. Ban yi barci da wuri ba a daren. Ina kallo jiragen da suka riga suka taso suna karkata, wasu suna juyawa inda suka fito. Da ma manyan kamfanoni sun daɗe suna kauce wa Libiya, ga Sudan a rufe, yanzu ga Nijar. Sai wani wawakeken fili ya bayyana a tsakiyar taswirar, daga iyakar Mali har Bahar Maliya, jirage suka rabu biyu, wasu ta gaɓar yamma wasu ta gabas. Jirgin da ke zuwa Najeriya daga Turai, wanda hanyarsa ta miƙe ta Aljeriya da Nijar, ya koma yin doguwar kwana. Sai 4 ga Satumba aka sake buɗewa. Ina da dangi a Maraɗi da Damagaram, kuma ba siyasar nake son shiga ba a nan. Abin da na gani shi ne wata guda cur kowane fasinja yana biyan kuɗin rashin jituwar maƙwabta da lokacinsa.

Daga nan ne na fara sauraron labarin tarurrukan da a da nake wucewa idan na ji su a rediyo. ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, ita ke tsara ƙa'idoji, tana da ofishin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a Dakar, kuma ɗan Najeriya, Dakta Olumuyiwa Benard Aliu, ya shugabanci majalisarta daga 2014 zuwa 2019. IATA bakin kamfanonin jirage ce. Su kuma hukumomin da ke ba jirage hannu suna da tasu ƙungiyar, CANSO, da aka kafa a 1996, ofishinta yana Holan, tana da reshen Afirka. Aikinta shi ne kai kukan waɗannan hukumomi gaban gwamnatoci, da haɗa su wuri guda su duba aikin juna, su daidaita kayan aiki da tsari. Na tambayi Baffa ko irin waɗannan taruka suna da wani amfani bayan shan shayi a otal. Ya ce wasu ba su da shi, gaskiya ne. Amma ya ce mutumin da ka ci abinci da shi a taro, idan ka kira shi ƙarfe uku na dare kana da jirgi mai matsala, ba ya tsayawa tambayar ko kai wane ne. Ya ce layukan tauraron ɗan'adam da suka haɗa cibiyoyi yanzu, har aka daina yawan makancewar da suka sha a da, a kan irin waɗannan teburori aka amince da su. Na yarda da shi.

Inda nake ganin masu taron suna da sauran bashi a kansu shi ne batun buɗe hanyoyi. Tun 1999 aka amince da matsayar Yamusukuro ta sakar wa kamfanonin Afirka mara su yi jigila tsakanin ƙasashe. A Janairun 2018 kuma Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai-ɗaya a Addis Ababa, da ƙasashe 23, har da Najeriya. To, buɗe manhajar ka nemi jirgin fasinja tsakanin Kano da Yamai, tazarar da ba ta wuce kimanin kilomita 700 ba. Na taɓa yankar wa wani ɗan kasuwa tikiti, sai da ya je Legas, ya je Lome, sannan ya sauka Yamai, yini guda da kuɗi masu yawa. A taswirar za ka ga layuka masu kauri daga arewa zuwa kudu, jiragen Turai suna ratsa mu suna wucewa, amma layin da ke haɗa garuruwan Sahel da juna siriri ne, wani wurin ma babu. Wannan yana ci mini rai, don mutanen da ke tsakanin garuruwan nan harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, auratayya ma tana tsakaninsu.

Akwai abubuwan da ya kamata mai amfani da manhajar ya sani. Ba na'urar hukuma ba ce, kuma ma'aikacin hasumiya ba da ita yake aiki ba. Jiragen soja da wasu na masu zaman kansu ba sa fitowa, ko su fito ba suna. Idan jirgi ya shiga inda babu eriya, takan ƙiyasta inda ya kai ta zana layi mai ɗigo-ɗigo, to kada ka ɗauki wannan a matsayin tabbas. Haka kuma idan jirgi ya ɓace daga allon, ba ya nufin wani abu ya same shi. Ina jaddada wannan don na ga wata baiwar Allah tana kuka a filin jirgi saboda ta daina ganin jirgin mijinta a waya, alhali ya sauko ƙasa-ƙasa ne a wurin da babu mai kama shelarsa. A yankinmu eriyoyin ba su da yawa idan aka kwatanta da Turai, kuma dalilin a fili yake: na'urar tana son wuta da intanet dare da rana. Taswirar kuma tana cin data idan ka bar ta a buɗe, don haka ni nakan tace in bar jiragen Kano kaɗai.

Batun biya kuwa, ta kyauta tana da talla, kuma tarihin tafiya na kwana 7 kawai take nunawa. Tsarin Silver yana cire talla ya ba ka kwana 90. Gold yana ba ka shekara guda, da layukan shiyyoyin da Baffa ya nuna mini, da taswirar hanyoyin sama da ƙarin bayanan yanayi. Wanda zai tarbi ɗan'uwa sau biyu a shekara, ta kyauta ta ishe shi, kada ya kashe ko kwabo. Abokan sana'ata kuwa ina ba su shawarar Gold, don tarihin shekara guda shi ke nuna maka wane jirgi ne ya saba zuwa a kan lokaci da wanda ya saba makara, kuma da wannan nake zaɓar wa tsofaffi jirgin da ba zai wahalar da su ba. Da dala ake lissafin kuɗin, don haka a duba canji kafin a danna.

Akwai kuma hanya ta uku. Kamfanin yana aika na'urar da eriyarta kyauta ga wanda ke zaune a wurin da suke da buƙata, idan sun amince da buƙatarsa, kuma duk mai tura musu bayanai suna ba shi tsari irin na masu biya ba tare da ya biya ba. Bana na haɗa sola a gidan mahaifiyata da ke ƙauye, arewa da Kazaure, wurin fili ne fetal babu dogon gini ko dutse da zai tare. Na hau rufin na ɗauki hotunan kusurwa huɗu kamar yadda suke nema, na cika takardar na aika makon jiya. Baffa ya ce idan na'urar ta zo, da shi za a je kafa ta, kuma shi zai zaɓi inda za a ɗaura eriyar.